Filin Gari: A Tsare Shi Kafin a Yanka Shi Fuloti-Fuloti

Laccar da aka gabatar a Ɗankaza, ƙaramar hukumar Wudil

   

Matasanmu ne suka zaɓi abin da za a tattauna yau. Sun ga hotunan wuraren shaƙatawa da aka gyara aka sake buɗewa a manyan birane, ciyawa kore shar, fitilu sun haske ko'ina, yara na lilo, sai suka ce a zo a yi musu bayani: yaya ake yin irin wannan, kuma me ya hana mu samu? Na san a cikin dattawan da ke zaune akwai mai cewa a ransa, mutumin da ke neman kuɗin buhun taki, ina shi ina zancen shaƙatawa? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan tsallake ta ba. Abin da ya kawo ni yau maganar ƙasa ce, filin da ba mutum ɗaya ke da shi ba, na gari ne baki ɗaya. Irin wannan fili in ya tafi ba ya dawowa sai da rigima da asarar dukiya. Birane sun yi sakaci da nasu, yanzu suna kashe maƙudan kuɗi a kan ɗan abin da ya rage musu. Mu namu bai tafi ba tukuna.

Mu fara da Kaduna. Dandalin Murtala tsohon fili ne. A nan aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, dawakan masarautun Arewa suka cika shi maƙil. Bayan nan ya ga faretin sojoji da na 'yan makaranta, ya ga tarukan siyasa, ya kuma ga shekarun da aka bar shi ya tsufa. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa shi cikin shirinta na sabunta birni, aka yi masa gyara na gaske, aka ƙara wuraren wasanni da motsa jiki da na cin abinci, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi a watan Janairun 2022. Wanda ya san wurin a da, in ya shiga bayan gyaran sai ya tsaya ya sake dubawa. Aiki ya yi kyau, ba abin ɓoyewa ba ne.

Sai dai akwai abu biyu da hoto ba ya nunawa. Na farko, an iya gyara dandalin ne domin filin yana nan. Da a ce a cikin shekaru arba'in da suka gabata an bi shi an yanka an raba wa manya, da ba abin da za a gyara, kome yawan kuɗin gwamnati. Na biyu, ranar buɗewa ita ce rana mafi sauƙi a rayuwar kowane irin wuri. Ran nan gwamna na nan, makaɗa na nan, an share, an shafa fenti. Ranar da ake gane ko wurin zai rayu ita ce wata Talata a tsakiyar watan Afrilu, shekara uku bayan biki, lokacin da injin ban-ruwa ya tsaya, mai gadi bai ga albashinsa ba wata biyu, ba ɗan jarida ko ɗaya a wurin. Wa zai gyara injin a ran nan? Daga wane asusu? In ba a amsa wannan ba tun kafin a kafa tubalin farko, to an shirya wa wurin mutuwa ta biyu.

Yanzu mu dawo gida Kano, domin nan ne darasin ya fi shafar mu. Waɗanda suka gina ganuwa, tun daga zamanin Sarki Gijimasu zuwa faɗaɗawar da Sarki Muhammadu Rumfa ya yi, ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Baturen Birtaniya Clapperton da ya shigo Kano a 1824, da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo a 1851, duka sun rubuta cewa babban kaso na cikin ganuwa gonaki ne da fili da kududdufai. Kakanninmu sun yi haka da gangan. In abokan gaba suka kewaye gari, akwai inda za a shuka, akwai inda dabba za ta yi kiwo. Kududdufan nan kuwa, da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama in damina ta yi ƙarfi. A zamaninmu an bi da yawansu an cike da bola an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai daina sauka ba. Da ya rasa mazauninsa sai ya koma cikin ɗakunan mutane, shi ya sa kowane Agusta za ku ji ana jajen rushewar gidaje a unguwannin birni.

Ba wai ba a taɓa yin tsari ba. Akwai tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, an kuma tanadi filayen da za a bari ba gini. Takarda ta yi aikinta. Abin da aka rasa shi ne mai tsayawa a bakin fili ya ce a'a.

Mutum ɗaya da Kanawa ba za su manta ba a wannan fage shi ne Audu Baƙo, gwamnan farko na jihar, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Mun fi tuna shi da madatsun ruwa, Bagauda da Tiga, mu nan bakin kogin Wudil ma mun san yadda Tiga ta sauya tafiyar ruwanmu tun daga 1974. Amma shi ne kuma ya keɓe fili sama da hekta 40 a wajen gari, aka buɗe Gidan Zoo a 1972. A lokacin wurin bayan gari ne. Yau gari ya haɗiye shi ta ko'ina, shaguna da gidaje sun yi masa zobe, shi kaɗai ne ya rage wani ɗan kurmi mai duhuwa a duk wannan yanki.

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin washegarin Sallah ya san abin da nake nufi. Tun hantsi A Daidaita Sahu ke sauke mutane. Za ka ga uwa ta goya ɗaya, ta riƙe biyu, babbar 'yarta na biye da kwanon tuwon Sallah a ka, hannuwa duk lalle. Yaro ya matse kuɗin barka da Sallarsa a tafin hannu har takardar ta jiƙe da gumi, ya ƙi ba kowa ajiya. In sun gama kallon zaki da jimina da kada, sai a shimfiɗa zane a gindin bishiya a zauna a ci abinci. Ku lura da wannan zaman. Yawancin iyalan nan daga gidajen haya suka fito, ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ko da babu dabba ko ɗaya za su zo, saboda inuwa da sararin da yaro zai ruga da gudu ba mota ta kaɗe shi ba. Cunkoson da ake yi a ƙofar wurin nan shaida ce a kan yunwar fili da birnin ke ciki.

A 2020 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ba da sanarwar za ta mayar da Gidan Zoo zuwa Tiga, bisa dalilin cewa gari ya matse dabbobin. Jama'a da yawa suka ƙi yarda, ba don sun fi son dabbobi ba, sai don tsoron abin da zai sami filin in an kwashe su. Gidan Zoo dai yana nan inda yake. Sannan kun ga abin da ya faru da Filin Idi na Ƙofar Mata. An gina shaguna a kewayensa, 'yan kasuwa suka zuba dukiyarsu suka saya. Da gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta hau a ƙarshen Mayun 2023, cikin watan Yuni ta rushe su, tare da wasu gine-gine a Filin Sukuwa da tsohon Otal ɗin Daula. Aka tafi kotu, a watan Satumba na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30.

A wannan zaure akwai masu jar hula, akwai waɗanda ba sa sa ta, ban kuwa zo raba muku gardama ba. Abin da nake so ku gani shi ne lissafin. An kashe kuɗi an gina, an kashe kuɗi an rushe, an kashe kuɗi a kotu, ɗan kasuwar da ya sayar da gonar gado ya kama shago ya kwana yana kuka, duk don a mayar da fili yadda yake tun farko, wato wayam. Da tun ranar da aka kawo tifar yashi ta farko aka sami masu hanawa, da ko kwabo ba a yi asara ba. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu hanawar nan ba tatsuniya ba ne, an yi su a wasu wurare. A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai dandalin Uhuru, wanda aka buɗe a 1969. A 1989 gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi ta shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa. Wata tsohuwar malamar jami'a, Wangari Maathai, ta tashi ta ce ba za a yi ba. Ta rubuta wasiƙu, ta je kotu, aka zage ta a majalisa, aka kori ƙungiyarta daga ofishinta, ba ta fasa ba, har masu ba da kuɗin ginin daga waje suka janye. Matar nan ita ce ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Shekaru bayan rasuwarta aka rufe dandalin aka yi masa babban gyara na kimanin shekara biyu, aka sake buɗe wa jama'a a watan Maris na 2024. Waɗanda suka yi gyaran sun cancanci yabo, amma mace ɗaya da ta tsaya a 1989 ita ta bar musu abin gyarawa. Iyayenmu mata, na kawo wannan ne musamman dominku.

Ta fuskar riƙo kuwa, mu dubi Alƙahira da Bamako. A Alƙahira, kusa da masallacin Azhar, akwai wani tudun juji da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 ta mayar da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin kwashe sharar ma sai ga tsohuwar ganuwar zamanin Salahuddin Al-Ayyubi ta fito daga ƙarƙashin juji. A Bamako ta Mali gidauniyar ta gyara tsohon lambun birnin, aka buɗe shi a 2010, shekarar da ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci. Abin koyi a wuraren nan biyu shi ne tun kafin buɗewa an zauna an tsara wanda zai riƙe su da inda kuɗin riƙon zai fito: ɗan kuɗin shiga, hayar wuraren cin abinci, ma'aikata na dindindin, wurin renon tsirrai. A Bamako yarjejeniyar shekara 25 aka sa wa hannu. Ba mu da kuɗin Aga Khan, amma zama a yi tsari kafin a fara aiki ba ya cin ko sisi.

To, mu a nan me muke da shi? Muna da dandali. Kada wani ya ce muku filin shaƙatawa baƙon abu ne da Bature ya kawo. Dattawan nan sun tashi sun tarar da fili a tsakiyar gari, da ceɗiya ko durumi ko tsamiya a gefensa. Da rana maza na zaune a gindinta, wani na saƙar faifai, wani na tufkar igiya, wanzami na aski, a nan ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, nawa aka sayar da sa ran Juma'a a Karar Wudil. In an yi farin wata bayan kaka, 'yan mata na gaɗa a gefe guda, samari na langa da kokawa a ɗaya gefen, masu tallan gyaɗa da dakuwa sun jera fitilunsu, tsofaffi na daga nesa, ba sa cewa kome amma idonsu na kan kowa. A wurin nan yaro ke koyon yadda ake faɗuwa a tashi ba a yi kuka ba, da yadda ake gaida na gaba. Ba wanda ya taɓa biyan kuɗin shiga.

Bayan dandali akwai hurumi, da makiyaya, da burtali, da maƙabarta, da filin idi. Dukkansu ƙasa ce da aka ɗauke daga hannun mutum ɗaya aka bar wa jama'a. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin asalinta a addini: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina don amfanin al'umma, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Waƙafi kuwa babi ne guda a littattafan fiƙihu. Saboda haka in mun ce a ware fili a hana kowa taɓa shi, ba wata sabuwar hanya muka ɓullo da ita ba.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne Wudil ta yau ba ta jiya ba ce. Ƙidayar 2006 ta ba wannan ƙaramar hukuma mutum sama da 185,000, yaran da aka haifa a shekarar kuwa yanzu wasunsu na da nasu 'ya'yan. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ta jawo dubban ɗalibai da ma'aikata masu neman wurin kwana. Ga makarantar horar da jami'an 'yan sanda. Ga babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka mayar tagwaye. Duk wannan alheri ne, amma alherin da ke ɗaga farashin ƙasa. Dillalan filaye sun gama da bakin titi, yanzu ƙauyuka suke shigowa da igiyar awo. Gonar da uba ya noma gero shekara arba'in, 'ya'ya na yanka ta hamsin-hamsin su sayar a wata guda. Ba na zargin kowa, buƙata ce ke sa mai gona ya sayar. Sai dai mai yanka fuloti ba ya barin wurin wasan yara, ko hanya ma da ƙyar yake bari.

Na ga yadda filin gari ke ɓacewa a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. Wani dattijo ne ya ba samari wani yanki na gonarsa su riƙa ƙwallo, da baki kawai, a gaban mutane. Shekaru suna wasa. Sai wani ya roƙi a bar shi ya ajiye teburin shayi a kusurwa, aka ce ai ba kome. Tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama kwantena, na biyu ya ce tunda an bar wancan shi ma a bar shi. Dattijo ya rasu, shaidu biyu cikin uku suka bi shi. Da aka zo rabon gado sai magada suka tambaya, ina takarda? Babu. A shari'a suna da gaskiya. Rannan samari suka zo da ƙwallonsu da la'asar suka tarar an kafa turakun siminti a tsakiyar fili, an tumɓuke sandunan raga an jingine su a jikin katanga. Yau yaran garin a kan titi suke wasa, suna kaucewa babura.

Shi ya sa abu na farko da nake roƙo shi ne takarda. Kowane fili na jama'a da ke Ɗankaza, dandali ne, filin ƙwallo ne, filin idi ne, harabar makarantar firamare ce, kududdufi ne, burtali ne, a zagaya shi da ƙafa, Dagaci da masu unguwanni da liman da maƙwabtan filin, a auna, a kafa turaku, a rubuta. In kyauta ce ko waƙafi, mai bayarwa ya sa hannu, magadansa su shaida tun yana raye, a kai kotun shari'a a tabbatar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a filayen karkara, saboda haka a nemi wannan shaida da sunan al'umma, ba da sunan shugaban ƙungiya ba. A yi kwafi uku ko huɗu a ajiye a hannuwa daban-daban. Ku kuma sani cewa tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa samar da lambuna da filayen jama'a da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, daidai da tituna da magudanan ruwa. In kun je wurin kansila ko ciyaman da wannan magana, haƙƙinku kuka je nema. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta ƙara fitowa fili.

Sai itatuwa. A nan ina so matasa su saurara da kyau, domin hotunan da kuka gani na iya ruɗin ku. Koren ciyawar nan ta birni ruwa take sha safe da yamma, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ba mu da wannan ruwa, ba ma buƙatar ta. Inuwa muke buƙata. Darbejiya na saurin girma, tana jure fari. Ceɗiya da durumi reshe ake sarowa a dasa su kama. Tsamiya da ɗorawa da maɗaci suna da nawa, na jikoki ne, amma a sa su. Mangwaro sai kusa da rijiya. A jira ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli, a haƙa rami mai zurfi, a zuba takin gida da ya ruɓe. Dashe kuwa ba shi ne aikin ba. Kowace shekara ana raba dubban tsirrai a ƙasar nan, a ɗauki hoto, kafin Nuwamba awaki sun cinye. Tsiro na buƙatar kewayen ƙaya ko na bulo, yana buƙatar jarkar ruwa a rani biyu na farko, yana buƙatar mutum ɗaya da za a kira da suna in ya bushe. Gara bishiya talatin da kowace ke da mai ita, da dubu da ba ta da kowa.

Wanda ke shakkar ko talaka zai iya, ya tambayi 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fako. Daga wajen 1983 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su rage rassa su bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, maimakon su sassabe duka su ƙone. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar kome sai wuƙa da haƙuri, aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo ya sake cika gonaki. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu bushewa.

Akwai tsoron da na san yana zukatan iyaye, gara a faɗe shi a fili: kada wurin ya zama matattarar 'yan shaye-shaye da lalatar tarbiyya. Tsoro ne na gaskiya. Amma ku duba inda irin waɗannan yara ke taruwa yanzu: kango, bayan makaranta, gindin gada, duk inda ido ba ya kaiwa. Wurin da dattawa ke zama da hantsi, yara ke wasa da la'asar, ga fitila mai aiki da hasken rana, ga mai gadi da kowa ya san gidansu, ba ya yi musu daɗi. A sa dokar lokacin tashi. A gina banɗaki, na maza daban na mata daban, a kuma sa mai wanke shi, domin rashinsa ne ke fara korar mata daga kowane wurin taro. A keɓe gefe guda mai shinge inda uwa za ta zauna da ƙananan yara hankalinta kwance. In an kafa kwamitin riƙo a sa mata a ciki, su ne suka san abin da yara ke buƙata, su ne kuma ba sa mantuwa da wanda ya karɓi kuɗi bai kawo canji ba.

Kuɗin riƙo ba sai ya yi yawa ba. Masu sayar da shayi da tsire da ƙosai a gefen fili su riƙa ba da wani abu kaɗan duk mako, da sharaɗin tebur ne ake ɗaukewa da dare, ba gini ba. Gasar ƙwallo da kokawar bayan kaka su kawo nasu. 'Yan garin nan da ke aiki a Kano da Abuja da Legas a ba kowannensu bishiya ko dakali ya ɗauki nauyi. Duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a. Yaro kuwa kada a taɓa karɓar kuɗinsa don ya shiga filin garinsu.

Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe, roƙona gare ka shi ne kafin ruwan bana ya sauka ka sa rana, ka fito da masu unguwanni da liman a zagaya filayen nan a kafa musu turaku. Masu gonaki a bakin gari, wanda Allah ya hore wa, ya yanki wani abu ya bayar waƙafi tun yana da rai da lafiya, ya sa hannu a takarda. Malamai, ku yi mana huɗuba a kai. Matasa, ku kuka kira wannan taro: kafin ku bar wurin nan ku rubuta sunayen waɗanda za su ɗauki jarka a rani mai zuwa, ku miƙa wa Dagaci.

Allah ya yi mana jagora.